Akwatin Ƙarfe a Bayan Majami'a: Shaidar Mai Riƙon Makulli

Ƴan'uwa cikin Ubangiji, salama a gare ku. Ni ne mai riƙon makullin akwatin littattafai na majami'armu a nan Maraɗi, kuma na kwana biyu a wannan hidima. In aka ce in tashi in ba da shaida, abin da nake da shi ke nan: akwatin ƙarfe guda irin na kayan amarya, da kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, da mutum kamar talatin da Allah ya sa wa ƙishin karatu. Ba zan cika ku da labarin kaina ba, don babu abin ji a ciki. Abin da akwatin nan ya koya mana zan faɗa, dalla-dalla, ko wata majami'a a Tasawa ko Dakwaro ko Madarumfa da ke son farawa za ta kauce wa ramukan da muka faɗa.

Kowace Lahadi in an tashi sujada, kafin mata su watse zuwa girki, mukan ja benci uku zuwa gindin bedi. Minti arba'in muke yi, ba ma wucewa, don in zama ya yi tsawo mako mai zuwa rabin mutane ba za su tsaya ba. Tambaya ɗaya ce ke zagayawa: me kake karantawa? Wanda zai yi magana yana da minti uku. Ya faɗi sunan littafin, ya faɗi shafin da ya kai, ya karanta mana layi biyar ko shida da bakinsa, shi ke nan. Karanta layukan nan shi ne gishirin abin. Mutum yana iya yabon littafi har gobe, amma da ya buɗe ya karanta a fili, kowa zai ji ko harshen ya yi masa nauyi, ko ya dace da shi.

Doka ta biyu mun kafa ta ne bayan mun sha wuya: ba ka cewa wani "ka karanta wannan" sai ka kai ƙarshensa da kanka. Da farko mutane na yabon littafi don bangonsa na sheƙi, ko don sun ji wani mai wa'azi ya ambace shi a rediyo. Sai a ɗauka, a kai shafi na 30, a tarar da abin da bai kamata ba, ko a gaji a ajiye. Wanda aka ba littafin da ya fi ƙarfinsa sau biyu, a na uku ba ya zuwa gindin bedi. Yana ganin laifin kansa ne, alhali laifin mai ba da shawara ne.

Littafi Mai Tsarki shi ne farko, kuma a kansa ne muka fi samun ruɗani, abin da ban zata ba. A majami'armu fassarar Hausa uku ke yawo. Akwai tsohuwa ta 1932, wadda Likita Mila na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikinta. Dattawanmu da ita suka haddace ayoyi, kuma ba mai raba su da ita. Akwai wadda ta fito wajen 1980, ita ce a hannun yawancin mutane. Sai Sabon Rai Don Kowa, wadda matasa suka fi sani don tana cikin salula. Matsalar ita ce sunayen littattafan ba ɗaya ba ne. Mai jagora ya ce a buɗe Karin Magana, Baba mai tsohuwar fassara yana ta juya shafi bai gani ba, don a nasa Misalai aka rubuta. Mahukunta a sabuwa Alƙalawa ne a tsohuwa. Mai Hadishi shi ne Mai-Wa'azi, Tarihi shi ne Labarbaru, Maimaitawar Shari'a ita ce Kubawar Shari'a, Yahaya shi ne Yohanna, Wahayin Yahaya kuma Ru'ya ta Yohanna. Wani ya karanta "Yesu Almasihu", na kusa da shi yana ganin "Yesu Kristi". Sabon mai bi da ya ga haka yakan tsorata, ya ɗauka littattafai ne daban-daban.

Maganin da muka yi mai arha ne. Mun rubuta sunayen 66 ɗin a takarda ɗaya, layi uku a jere: tsohon suna, sabon suna, da sunan Faransanci. Muka kai aka yi fotokopi, muka yanka daidai girman littafi, kowa ya liƙa a cikin bangon nasa. Mun kuma ƙara layi guda a ƙasa don ƴan lakkwal: a Faransanci ana yawan sa ɗigo ko waƙafi tsakanin sura da aya, a Hausa ɗigo biyu, amma abu ɗaya ake nufi. Wanda zai gaji tsohuwar fassara daga kakansa, a gaya masa tun da wuri cewa a tsofaffin bugu zai ga "chikin" da "che" inda mu muke rubuta "cikin" da "ce". Haka nan littattafan da ke zuwa daga Najeriya suna rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban harafi, mu nan an koya mana ƴaƴa da lanƙwasa. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke tsayar da mai koyon karatu a tsakiyar layi.

Ga wanda ke neman shawarata: a karanta ta 1980 a taro don kunnen jama'a ya saba da ita, a ajiye ta 1932 kusa don wasu kalmominta sun fi kama zuciya, a duba Sabon Rai Don Kowa in jimla ta ɗaure. In biyu suka bambanta a wata aya, kada a yi gardama a kan wadda ta fi. A karanta duka a fili, sau da yawa bambancin ne ke buɗe ma'anar. Ƴan'uwanmu Katolika kuma in sun zo da nasu, za ku ga littattafai 73 ne a ciki, don Tsohon Alkawarinsu ya fi namu da bakwai. A san da wannan tun kafin wani yaro ya ƙirga ya ta da hankalin mutane.

Yanzu lissafi. Littafi Mai Tsarki namu sura 1189 ne: 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Mai son ya gama a shekara ɗaya sai ya karanta sura uku kullum, ran Lahadi biyar. Wannan ya ba da 23 a mako, 1196 a mako 52, har da rarar bakwai. A takarda abin ya yi kyau. A aikace ga abin da ke faruwa, kuma na gan shi shekara bayan shekara: a fara ran 1 ga Janairu da zafi, Farawa sura 50 ta wuce kamar ruwa don labari ne, Fitowa ta tafi daidai har sura ta 24, daga ta 25 a shiga awon alfarwa da labule da zobba, ƙarshen wata a faɗa Littafin Firistoci. Nan ne maƙabartar masu niyya. Kafin tsakiyar Fabrairu, cikin goma da wuya ka sami uku a kan hanya.

Don haka mun daina sa sabon shiga a wannan tsari. Shekarar farko Sabon Alkawari kaɗai: sura ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, kwana biyar sau mako 52, ya ba da 260 cif. Asabar Zabura ɗaya, Lahadi hutu ko cike gurbin ranar da aka tsallake. Wanda ya gama wannan ya san daɗin kai ƙarshe, sai ya shiga babban tsari a shekara ta biyu. In ya iso Firistoci, ba ya shiga shi kaɗai: mukan haɗa masa da wasiƙar Ibraniyawa, sura 13, ya riƙa tafiya da su kafaɗa da kafaɗa. Ya karanta Firistoci 16 a kan ranar kafara, ya juya Ibraniyawa 9 da 10, sai ka ga ido ya buɗe. Wani abu kuma da tsarin da ake bugowa daga waje bai sani ba shi ne damina. Daga Yuni zuwa Oktoba mai gona ba shi da ƙarfin sura uku. Ya dawo da hauya a kafaɗa, ya ci tuwo, barci ya ɗauke shi. Mu a watan Nuwamba muke farawa, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, don littattafai masu nauyi su faɗo lokacin da hannu ya huta. Da ruwa ya sauka sai mu rage kaya: Karin Magana sura 31 ne, ɗaya kowace rana bisa kwanan wata, ko Zabura.

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, kada a miƙa masa Romawa. A ba shi Rut, sura huɗu, labarin suruka da matar ɗa da kalar hatsi a gonar dangi. Babu macen Maraɗi da za a yi wa bayanin wannan. Sai Yunusa, shi ma huɗu. Sai labarin Yusufu daga Farawa 37 zuwa 50. Sai Markus, sura 16, gajere mai sauri. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya fi sakewa da ajami, a nema masa bugun ajami, akwai shi. Kada a tilasta masa boko kafin ya ɗanɗana abin da ke ciki.

Masu Faransanci su ma ba tukunya ɗaya ba ne. Fassarar Louis Segond ta 1910 ita ce ta mumbari, amma yaron da ya tsaya a firamare zai sha wahala da ita. Shi a ba shi Parole de Vie, wadda aka yi da kalmomi kamar 3500 kawai, da gajerun jimloli. Ɗan kwaleji Français courant ko Semeur ta ishe shi. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zuwa wurinmu sun fi son Segond 21, don tana kusa da abin da suka ji tun suna yara amma harshen ya sabunta.

Bari in ratse kaɗan, don wannan ya fi wasu littattafan amfani. Akwai wata Inna a zumuntar mata da ta yi wata uku tana cewa ba ta da lokaci. Rannan na lura da yadda take riƙe Littafin Waƙoƙi, hannu a miƙe har iyakarsa, tana ƙanƙance ido. Na ce, "Inna, ko rubutun ne ya ƙanƙance?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, masu buga littafi na yanzu rowar tawada suke yi." Ba tawada ba ce, ido ne. Daga shekara arba'in zuwa sama ganin kusa yakan ragu, kuma mutane na jin kunyar faɗa. Yanzu a cikin akwatin akwai tabarau na karatu guda biyar, daga lamba +1.00 zuwa +3.00. Mutum ya riƙe littafi kamar kamu ɗaya daga fuska, ya fara da mafi ƙanƙantar lamba, ya yi ta hawa har rubutu ya fito sarai. Mafi ƙarancin lambar da ta yi masa ita ce tasa, sai ya je kasuwa ya sayi irinta. In ido ɗaya ne ke hazo, ko akwai ciwo, ko babu lambar da ta yi, wannan ba aikinmu ba ne, sai likita. Mutum shida suka dawo karatu ta wannan hanya, ba tare da an yi musu wa'azin ƙwazo ba.

To, me ke yawo a hannunmu yanzu?

Wanda aka fi layi a kansa shi ne babban sharhin nan na Afirka, Africa Bible Commentary, da ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, malamai 70 na nahiyar nan suka rubuta. Da Faransanci sunansa Commentaire biblique contemporain, kuma an fassara shi da Hausa. Amfaninsa shi ne misalansa na gida ne: gado, zaman gwauruwa, auren mace fiye da ɗaya, maita, bashi, duk an taɓa su ba a kewaya ba. Amma ba littafin da ake karantawa daga bango zuwa bango ba ne, kuma ba ya fita daga majami'a. Ƙa'idarmu: ka karanta surar sau biyu da kanka, ka rubuta tambayarka a takarda, sannan ka buɗe sharhi. Masu wa'azin da suka fara da sharhi mukan gane su, don muryarsu takan canza, su riƙa magana da bakin wani.

Na biyu shi ne littafin John Bunyan na tafiyar mai ibada, wanda ya fito a 1678. Mu Le Voyage du pèlerin muke da shi. Bunyan mai gyaran tukwane ne a Ingila, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford don ya ƙi daina wa'azi. Wannan littafi bai son karatun shiru. Mukan ba mai Faransanci ya karanta shafi biyu a gida, ya zo ya ba da shi da Hausa kamar tatsuniya, da muryoyi. Abin da ke ɓata shi shi ne sunayen mutanen ciki, don kowane suna hali ne. In aka bar su da Faransanci, rabin daɗin ya zube. Mai ba da labarin ya zauna tun da fari ya raɗa musu sunayen Hausa, ya rubuta a takarda don kada mako mai zuwa ya canza. Kashi na biyu, na 1684, labarin matarsa ne da ƴaƴanta, kuma zumuntar mata sun fi son sa a kan na farko.

Akwai Confessions na Augustin, wanda nake ba waɗanda suka ɗan yi nisa. Ina fara gaya musu cewa mutumin maƙwabcinmu ne: an haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop a Hippo, wato Annaba ta yau. Masu cewa bangaskiyar nan jiya Turawa suka kawo ta Afirka sukan yi shiru in sun ji haka. Kashi 13 ne. Tara na farko labarin rayuwarsa ne da hawayen uwarsa Monika, su nake cewa a karanta. Daga na goma ya shiga zurfin tunani a kan tuni da lokaci da halitta, kuma nan mutane ke nutsewa. Wanda ya tsaya a na tara ya gama, a wurina, yana da izinin yaba shi a gindin bedi.

Byang Kato ɗan Kwoi ne a kudancin Kaduna, littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito a 1975, shekarar da ya rasu a bakin teku a Mombasa. Siriri ne amma da ƙashi. Na ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ne da dattawan ikilisiya, kuma ina gaya wa mai ɗauka cewa gardama ce yake yi da wasu malaman zamaninsa, ba duka ne suka yarda da shi ba. A karanta da fensir a hannu.

Biyu kuma na Turanci ne, amma a kanmu suke magana, shi ya sa muka nemo su. Barbara Cooper, malamar tarihi daga Amurka, ta fitar da Evangelical Christians in the Muslim Sahel a 2006, kuma yankin Maraɗi ne zuciyarsa: zuwan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, Tsibiri, Danja, asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da yadda ikilisiyar ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Ba ta yi wa mishan kara ba, ba ta yi mana ba. Wasu dattawa sun ji zafin wasu shafuka, wasu suka ce ai haka aka yi. Ni ina ganin gara matasa su ji daga littafi su zo su tambayi kakanninsu tun suna da rai. Ɗayan shi ne The Forest Underground na Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zauna a nan, wanda a 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da muke sassabewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke kira sassabin zamani ke nan: a kan kututturen sabara ko kalgo ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka tsare su daga dabbobi. An ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018. Wani malamin Turanci a cikinmu ke karantawa yana ba mu da Hausa, kuma ranar da ya kai babin kututture manoma ne suka karɓe zancen, har muka karya dokar minti arba'in.

Na kullum-kullum kuma, kalandar La Bonne Semence mai yagewa shafi ɗaya kowace rana, da Le Lecteur de la Bible na ƙungiyar Ligue pour la Lecture de la Bible. In na bara ne ma kada a yar. Nassi ba ya tsufa, ranar mako ce kawai ba za ta dace ba. Littafin Waƙoƙi kuwa mutane ba sa ɗaukarsa abin karatu, alhali da shi da yawa cikin iyayenmu suka koyi haɗa baƙi, don bakinsu ya riga ya san abin da ido zai gani.

Ba kowane littafi mai gicciye a bango ke shiga akwati ba. Ƙananan littattafai na shigowa da yawa, masu alkawarin arziki cikin kwana bakwai ko addu'ar da za ta kashe maƙiyi. Ba ma ƙona su, ba ma zagin mai kawowa. Mutum biyu ke ɗauka, kowa mako ɗaya, su yi gwajin mutanen Biriya na Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda suka riƙa duba Nassi su ga ko abin da aka gaya musu haka yake. A zaɓi ayoyi biyar da marubucin ya jawo, a buɗe kowace, a karanta aya goma kafinta da goma bayanta. In uku cikin biyar ba abin da suke faɗa ke nan ba, littafin ya koma hannun mai shi da godiya. Ana kuma duba wa ake ɗaukakawa: in sunan marubucin ya fi sunan Yesu yawa a shafi, an gama magana. Littafin da ke zagin maƙwabtanmu Musulmi shi ma ba ya shiga. Da su muke kasuwa, da su muke biki da zaman makoki, da yawanmu ma ciki ɗaya muka fito.

Sai kiyaye kayan. Maƙiyan littafi a Maraɗi huɗu ne: gara, laima, zafi, da ɗan'uwa mai mantuwa. Gara ta taɓa cin mana kwali guda cikin mako uku, don mun jingina shi da bangon ƙasa; daga waje lafiya lau, da aka ɗaga sai ƙasa ta zubo. Tun daga nan akwatin ƙarfe ne, a kan bulo huɗu, taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kuma duk wata ana jan sa a share ƙarƙashi a duba ko ta fara gini. A ciki mukan sa busasshen ganyen bedi a ƙullin ƙyalle, da ƙwayar kafur uku ko huɗu a kusurwa don kyankyaso, nesa da hannun yara. Ɗanyen ganye yana ɓata takarda, sai ya bushe ƙarau. Da damina kada a ɗaure littafi cikin leda a ajiye. Laima na taruwa ciki, fumfuna ta kama. Leda ta hanya ce kawai, in za a hau kabu-kabu hadari ya taso. In littafi ya jiƙe, ba a shanya shi a rana, don zai kumbura ya kanannaɗe. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke bi, a buɗe shi kamar mafici, in ya sha iska a sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, sannan a danne da bulo kwana biyu.

Zafin Afrilu da Mayu kuwa ƙaramin littafi mai bangon takarda yake kashewa. Kol ɗin gindinsa na bushewa ya tsage, shafuka su fara zubowa ɗaya-ɗaya. Kada a liƙa da sikoc: shekara ɗaya ya yi ja, ya narke, ya bar danƙo. Kada kuma a dama ƙullun fulawa, kiran kyankyaso ne. Ga yadda muke yi. A jera shafukan, a ƙirga a tabbata babu wanda ya ɓace, a daidaita gindin a kan tebur. A matse tsakanin katako biyu a bar santimita ɗaya a waje. A huda rami biyar da basilla, amma a fara duba faɗin farin gefen shafi, don in ya yi ƙanƙanta ɗinkin zai cinye rubutu. A ɗinke da zaren masu gyaran takalmi, daga ramin tsakiya a fita a zagayo a dawo tsakiya a ƙulle. A shafa farin kol na kafinta siriri a gindin, a liƙa ƙyallen atamfa mai faɗin santimita shida ya rungumi bango biyu, a danne ya kwana. Littafi Mai Tsarki kam ba a huda shi, takardarsa ta yi laushi. Shi ƙyalle da kol kawai, sannan a kai wa baduku ya ɗinka masa riga. Garin jar akuya muke, fatar da duniya ta sani. Abin kunya ne Littafinmu ya yi yawo tsirara.

Maƙiyi na huɗu ya fi gara wuyar sha'ani. Kowane littafi yana da lamba a gindinsa, da hatimin majami'a a shafin farko da kuma shafi na 21, don bango na iya yagewa. A kaye akwai gida shida: lamba, suna, unguwa, ranar ɗauka, ranar maidowa, da halin da littafin yake. Aro mako biyu ne, a sabunta sau ɗaya, littafi ɗaya a hannu ɗaya. Mun taɓa sa tara ga wanda ya makara, dala biyar kowane mako. Kuskure ne babba. Kuɗin ba su da yawa, amma kunya ta sa wanda ya makara ya daina zuwa gindin bedi, wani ma ya daina zuwa sujada. Muka rasa littafi muka rasa mutum. Muka soke. Yanzu sau biyu a shekara, Ista da Kirsimeti, ana ajiye kwando a bakin ƙofa, a sanar cewa ba mai dubawa, ba mai tambaya. In dattijo ne ya riƙe, ni ba ni da bakin da zan ce masa "Baba, kawo littafi." Jikarsa nake aikawa. Ita tana da izinin wasa, za ta shiga ta ce, "Tsoho, ka cinye littafin mutane ne?" ya yi dariya ya jawo shi daga ƙarƙashin matashi.

Kuɗin saye daga aljihunmu ne: dala ashirin kowace Lahadi ga mai iko. Da kowa na bayarwa da jikka uku ne a mako, amma a gaskiya rabi ake samu. Mukan tara wata huɗu, a gindin bedi a zaɓi suna uku, a rubuta sunan littafi da na marubuci da harshen da ake so a takarda, don an taɓa aiken baki aka dawo mana da na Turanci. Na Hausa yawanci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya suke zuwa, daga Kano ko Jos, inda kantin Challenge yake, da kantin littattafai na ACTS a Bukuru. Na Faransanci daga Yamai, wasu bugun kamfanin buga littattafai na CPE ne a Abijan. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan Yuli 2023, sabon littafi ya yi wuya, kuma a lokacin ne muka koyi ɗinkin da na faɗa.

Salula ta taimaka, ban musa ba. Wanda ba ya karatu ana sa masa Sabon Alkawari na sauti a kan katin waya, ya ji yana sassaƙa ko tana surfe. A sauke lokacin da ake da intanet don ya buɗe ba tare da ita ba, kuma a rubuta sunan fassarar, kada abin da kunne ke ji ya saɓa da abin da ke hannu. Amma littattafan da ake turowa ta WhatsApp, ɗari a waya ɗaya, har yau ban ga wanda ya zo gindin bedi ya ce ya kai ƙarshen ɗaya ba. Wasu ma an yanke su, wasu ba sunan marubuci.

Manzo Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafan, musamman fatun nan masu rubutu. Yana nan a 2 Timoti 4:13. Wannan ayar muka rubuta a cikin murfin akwatin da farin fenti. Yau da na rufe kaye, littattafai 19 ne a waje. Bunyan yana unguwar Zariya, Augustin yana Ali Ɗan Sofo wurin wata malamar asibiti da ta kai kashi na shida, Kato ya makara da mako uku a Bagalam kuma na riga na yi magana da jikar. Lamba 44 na jiran ɗinki, zare ya ƙare. Sai ran Litinin in na shiga kasuwa.